Allura, Aska da Sukari: Tarihin Ciwon Hannun Masu Sukari a Birnin Kano

A watan Fabrairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Cikin abin da ya bari a rubuce akwai jerin hajojin Turai da ayarin raƙuma ke kawowa Kasuwar Kurmi ta hanyar Tarabulus: yadudduka daga Manchesta, siliki da sukari daga Faransa, duwatsun wuya daga Benis, ruwan takobi daga Solingen, allurai daga Nuremberg, da asake daga yankin Styria na ƙasar Ostiriya. A wancan zamani sukari kayan marmari ne na fada da gidajen attajirai, ana sayensa ɗan kaɗan ana tattalinsa. Allura da aska kuwa kayan neman abinci ne. Maɗinkin riga ya saba da sukar allura, wanzami ya saba da tsautsayin aska, baduku ya saba da basilla, kuma ba wanda ke ajiye aiki don ɗigon jini a yatsa. A tsotse, a ɗaure da tsumma, a ci gaba.

Wannan sabo yana da hujja, domin a jikin mai lafiya irin wannan rauni kan warke cikin kwana biyu ko uku. Abin da ya sauya daga zamanin Barth zuwa yau shi ne jikin da allurar ke sukawa. A cikin ganuwar Kano akwai mutane masu yawan gaske da sukarin jininsu ya hau, da yawansu ba su ma sani ba, kuma a wurinsu sukar allura ko ƙayar kifi ko cizon ƙwaro na iya zama mafarin rasa yatsa, ko hannu, ko rai. Likitoci sun jima kafin su gane haka, kuma dalilin jinkirin nasu yana da tarihi.

Mu fara da shi kansa hannun. Tafin hannu ba tsoka ɗaya ba ce. Ɗakuna ne ƙanana masu katanga, kowanne a rufe. Kan yatsa, inda muke taɓa abu, ya kasu gida-gida da zaruruwa masu ƙarfi da suka ɗaure fata da ƙashi. Idan mugunya ta taru a nan ba ta da wurin buɗawa, sai ta matse jijiyoyin jini, shi ya sa karkare ke hana barci da zogi. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu kuma kowace tana tafiya ne a cikin kube, kamar wuƙa, da ɗan ruwa mai santsi a ciki. Ƙwayar cuta ta samu shiga wannan kube, ta samu hanya shararriya. Kuben babban yatsa da na ƙaramin yatsa sun zarce har wuyan hannu, inda sukan haɗu, don haka ciwon da ya fara a ɗan ƙaramin yatsa yana iya kewayowa ya ɓullo a babban yatsa, ko ya haura damtse. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne kumburin yakan fito a bayan hannu, inda fata ke da laushi, alhali mugunyar tana can ƙarƙashin tafi. Wanda ya tsaga inda ya ga kumburi sau da yawa ya tsaga inda ba ciwon.

Wani likitan fiɗa na Chikago, Allen Kanavel, shi ya fayyace waɗannan hanyoyi. Ya riƙa ɗura wani abu mai kauri a hannayen gawa yana duba inda yake bi, ya kuma fitar da littafinsa a kan cututtukan hannu a 1912. Har yau ana koya wa ɗaliban likita alamomi huɗu da sunansa: yatsa ya kumbura gaba ɗayansa, ya tsaya a ɗan lanƙwashe, a ji zafi in an danna bisa tsawon jijiyar, a kuma ji zafi mai tsanani in an yi ƙoƙarin miƙe shi. In waɗannan suka haɗu, lissafin sa'o'i ake yi.

Ciwon sukari yana ƙara wa wannan wuta mai. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sukan yi nauyin jiki idan sukari ya yi yawa: ba sa isa wurin da wuri, in sun isa ba sa kashe ƙwayar cuta yadda ya kamata. Jiki kuma in ya ji cuta ta shiga sai ya saki sinadaran da ke ƙara hawan sukarin, wato kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ga wanda ciwon ya daɗe a jikinsa har jijiyoyin ji suka fara mutuwa, zogin da zai kore shi zuwa asibiti ma ba ya zuwa da ƙarfinsa. Ta haka ƙurji ke zama ruɓa, ruɓa ta haura, cutar ta shiga jini.

Alaƙar ciwon sukari da ruɓewar gaɓɓai ba sabon ilimi ba ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci ruɓa cikin abubuwan da ke biyo bayan wannan ciwo. A 1776 Matthew Dobson na Libaful ya ƙafe fitsarin majiyyaci ya samu abu mai kama da sukari. A 1852 likitan Faransa Marchal de Calvi ya rubuta a kan dangantakar ciwon da ruɓa. Amma sai bayan da aka gano insulin a Toronto a 1921, aka fara yi wa mutum allurarsa a Janairun 1922, matsalar ta fito fili. Kafin nan masu ciwon da yawa kan mutu da wuri. Da suka fara daɗewa, sai aka ga abin da shekaru ke yi wa gaɓɓansu. A 1934 Elliott Joslin na Boston ya yi kashedi mai ƙarfi a kan ruɓewar ƙafa, ya kuma dage cewa da tsafta da kula ana iya kauce mata.

A lura da kalmar: ƙafa. Majiyyatan Boston da Landan galibi dattawa ne, masu takalmin da ke matsa, masu jijiyoyin jini da suka toshe, a ƙasashen sanyi. Abin da likitocinsu suka gani shi suka rubuta, abin da suka rubuta shi aka koyar a makarantun likita na ƙasashen da suka mallaka. Littafin da ɗalibi ya karanta a Ibadan ko Zariya yana da babi guda a kan ƙafar mai sukari, hannu kuwa da ƙyar ya samu layi biyu.

A wannan nahiya ma ciwon kansa ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Albert Cook, likitan mishan a Yuganda, ya rubuta a 1901 cewa ba a cika ganinsa ba, sai dai in ya kama mutum ba ya barinsa, kuma wannan ra'ayi ya daɗe yana yawo. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, hankalin likitocinsu na kan agana da sanƙarau da ciwon barci da kuturta. An buɗe asibitin cikin birni a ƙarshen shekarun 1920 ƙarƙashin En'e, daf da Ƙofar Mata, wanda shi ne Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a yau. Asibitin ƙashi na Dala ya biyo baya a 1959. A duk tsawon wannan lokaci, in Bakano ya ga hannu ba yatsu, abu ɗaya ke zuwa masa a rai: kuturta. Zangon kutare na Yadakunya, wanda 'yan mishan suka riƙe tun shekarun 1930, sananne ne ga kowa.

Kuturtar kuwa ita ta koya wa likitoci wani darasi da ya amfani masu sukari daga baya. Paul Brand, likitan fiɗa da ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsun kuturu kai tsaye ba. Rashin jin zafi ne: mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, raunin ya kamu da cuta, ya ci gaba da aiki da shi har ƙashi ya lalace. Da ya koma Carville ta Amurka a 1966 sai aka ɗauki wannan fahimta aka ɗora a kan masu sukari. Amma nan ma a kan ƙafa aka ɗora ta.

Likitocin Nijeriya ne suka ja hankalin duniya zuwa ga hannu. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda Osuntokun da abokan aikinsa suka riga suka fitar da nazarin masu sukari 832 a 1971, Akintewe da Akanji da Odusan sun buga rahotanni a 1983 da 1984 a kan gyambon hannu da na ƙafa a jikin majiyyatansu. Abin da suka gani bai dace da littafi ba. Masu ciwon hannun ba lallai ne jijiyoyin jininsu sun toshe ba, raunin da ya jawo abin ƙarami ne, amma ruɓar tana gudu. Daga nan rahotanni suka riƙa fitowa daga wasu wurare: Gambiya, Libiya, Aljeriya, Sudan, Kenya, Indiya. A 1997 Archibald da Gill da Abbas suka ba da labarin masu sukari a Tanzaniya da ciwon hannu ya yi ajalinsu. A 1998 Geoffrey Gill na Libaful, tare da Famuyiwa da Rolfe da Archibald, suka raɗa wa abin suna a mujallar Lancet, sunan da ma'anarsa ita ce ciwon hannun masu sukari na ƙasashe masu zafi.

Wanda ya fi kowa bin diddigin lamarin shi ne Zulfiqarali Abbas na Darussalam. Nazarinsa na 2001 ya nuna waɗanda suka fi shiga haɗari: ramammu, waɗanda jijiyoyin jinsu suka taɓu, da masu nau'in ciwon da sai da insulin. A 2002 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton majiyyatan Darussalam a mujallarta ta mako-mako. Musabbabin da aka riƙa samu ba su wuce ƙaramin yanka, cizon ƙwaro da susa ba, sannan kusan kullum akwai jinkirin zuwa asibiti da gwada magani a gida.

Maganar ramammu ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta saɓa wa abin da ke bakin mutane. Muna ce wa ciwon sukari ciwon masu kuɗi, muna zana shi da siffar alhaji mai tumbi da kwalbar lemo. Sunan ma yana yaudara, kamar shan sukari kaɗai ke kawo shi, alhali akwai gado, da ƙiba, da yawan zama, da sauyin cimarmu zuwa farar shinkafa da fulawa. To ko ma mene ne ya kawo shi, wanda ke rasa hannu ba alhajin ba ne. Shi yana da na'urar awo a gida da likita a waya. Wanda ke rasa hannu shi ne wanda ciwon ya cinye har ya rame saboda insulin ya fi ƙarfin aljihunsa, ko wanda bai taɓa yin awo ba, kuma dole gobe ya fita da wannan hannu ya nemo na cefane.

Shi ya sa ni ban gamsu da sunan da aka raɗa ba. Ambaton ƙasashe masu zafi yana sa a zaci laifin rana ne ko na ƙwari. Amma tun 1977 Mann da Peacock sun ba da rahoton mummunan ciwon hannu a jikin masu sukari a Amurka, har da yanke gaɓɓai, kuma su Gill da kansu sun yarda akwai makamancinsa a ƙasashen Yamma. Ƙwayoyin cutar da ake samu a raunin ba baƙi ba ne, irin waɗanda ke zaune a fatar kowa ne da na ƙazanta. Abin da ya bambanta mu da su abu uku ne da ba ruwansu da yanayi: sukari da ba a sarrafa ba, aikin hannu ba kariya, da kwanakin da ke wucewa kafin likita ya gani.

A ƙasar Hausa, gudummawar da ta fi fitowa daga Zariya ta zo. A 2013 Lawal da Ogirima da Dahiru da abokan aikinsu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka ba da shawarar a kasa ciwon gida uku gwargwadon zurfinsa. Na farko, cutar tana fata da abin da ke ƙarƙashinta. Na biyu, ta kai ga jijiya da ƙashi da gaɓa. Na uku, ruɓa ta kama. Amfanin wannan rabo shi ne likitan da ke ƙaramin asibiti ya san wanda zai iya riƙewa da wanda zai tura gaba ba da ɓata lokaci ba. Amma mai karatu zai iya kallonsa ta wata fuska: matakan nan uku kwanaki ne. Mutum ɗaya ne yake bi ta cikinsu, kuma matakin da aka same shi a kai ya danganta da ranar da ya iso.

Nan ne tsohon birnin Kano ya shigo da nasa yanayi. Gari ne da aka gina da hannu. Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ake danganta karofinsu da 1498, hannunsu na cikin ruwan baba da toka yini guda, fatar ta tsattsage. Majema na fama da wuƙa da jiƙaƙƙiyar fata. Ga dukawa, ga maƙera, ga mahauta, ga masu ɗinkin hula da aikin wuyan riga a zauruka. A cikin gida kuma, inda ba a lissafa shi a matsayin sana'a, akwai wanki da wanke-wanke, gyaran kifi, yankan kuɓewa, tuyar ƙosai da man da ke fallatsa. Rahotanni da dama daga Afirka sun nuna mata na da kaso mai yawa cikin masu wannan ciwo, kuma duk wanda ya san aikin tsakar gida ba zai yi mamaki ba. A ƙara da mai yankan farce da ke zagaya kasuwa da almakashi ɗaya, yana kwakule gefen farce har sai ya ga ja.

Daga karofin Ƙofar Mata zuwa ƙofar Asibitin Murtala tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Nisan da ke tsakanin mai ciwo da likita ba na hanya ba ne. Ranar farko ana cewa ɗan karkare ne, a tsoma yatsa a ruwan zafi. In mai sukari ne da jinsa ya ragu, ya ƙara ƙuna a kan ciwo. Rana ta biyu ko ta uku a je kemis a karɓo ƙwayoyi na kwana biyu gwargwadon kuɗin da ke hannu, su rage zogi, su bar mugunyar tana aikinta. Sai a shafa abin da maƙwabta suka kawo, a ɗaure tamau. In ya nuna, a kira wanzami ya yi sakiya ko ya tsaga.

Ba na cikin masu raina wanzamai. Ɗaruruwan shekaru su ne likitocin fiɗa na wannan ƙasa, kuma ƙa'idarsu cewa mugunya sai an fitar da ita daidai take da ta Kanavel. Matsalar ita ce iliminsu ya ginu ne a kan jikin mutanen da ba su da sukari, inda ƙaramar tsaga ke wadatarwa, jiki ya ƙarasa sauran. A jikin mai sukari ana bukatar a buɗe dukkan ɗakunan da cutar ta shiga a ɗakin tiyata, a kankare mataccen nama, wani lokaci sau biyu ko uku, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a kuma sauko da sukarin da insulin ko da mutum bai taɓa amfani da shi ba. Aska ba ta iya wannan. Haka shi ma mai kemis: ba mugunta ce ke sa shi ba da ƙwaya ba, bai tambayi abin da ya kamata ya tambaya ba ne.

Sai kuma tsoro, wanda ya fi kuɗi hana mutane zuwa. An riga an yi imani cewa mai sukari in ya shiga asibiti da gyambo, da guntun gaɓa zai fito. Saboda haka ake jira har sai ba yadda za a yi, a iso a mataki na uku, likita ya ce sai an yanke, labari ya koma unguwa ya tabbatar da abin da ake faɗa. Hannu kuma ba kamar ƙafa ba ne a wurinmu. Da dama ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake karɓa a bayar, kuma a al'ummar da yanke hannu ke da wata ma'ana ta shari'a, mutum na tunanin kallon da baƙo zai yi masa a kasuwa. Akwai waɗanda kan sa hannu a takarda su bar asibiti don kada a yanke. Ɗan hakin da aka raina a ranar farko shi ne ya kai su nan.

Yawan waɗanda abin zai iya shafa ƙaruwa yake yi. Binciken ƙasa na 1992 da Akinkugbe ya jagoranta ya samu kashi 2.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya da ciwon sukari. A 2018 Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a faɗin ƙasa, suka samu kusan kashi 5.8 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Kason namu shi ne mafi ƙanƙanta, amma kashi 3 na jama'ar Kano ba ƙaramin taro ba ne. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Ga wasu, kumburin hannun ne ke fara sanar da su. Faɗuwar darajar naira tun 2023 kuma ta ɗaga farashin insulin da tsinken awo, wato ta ƙara yawan ramammun da Abbas ya siffanta.

Abbas ɗin bai tsaya a rubutu ba. Tun wajen 2003 ya shiga cikin wani shiri na horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci a Tanzaniya su gane gyambon masu sukari da wuri, su kuma koya wa majiyyata, kuma an ba da rahoton raguwar yanke ƙafafu bayan haka. Shirin na ƙafa ne, amma dabararsa ta dace da hannu: a kai ilimin wurin wanda ke fara ganin ciwon. A cikin birnin Kano wannan mutum ba likita ba ne. Mai kemis ne na bakin lungu, da wanzamin gidan da ya gaji aske zuriyar, da uwargidan da ake kai wa ƙara in yatsa ya kumbura. Wanzamai suna da sarkinsu, masu kemis suna da ƙungiyarsu, duka ana iya zama da su. Abin da ake nema a wurinsu bai fi tambaya ɗaya ba kafin a tsaga ko a ba da ƙwaya, ko mutum yana da sukari, ko yana yawan fitsari da ƙishirwa da rama, sannan awon ɗigon jini da ba ya cin minti guda.

Wanda aka ceto hannunsa ma da sauran aiki a gabansa. Hannun da ya yi makonni a naɗe yakan sandare, jijiyoyin su manne da kubensu, yatsu su ƙi lanƙwasa. Saboda haka likitocin hannu ke ɗaure shi a wani tsayi na musamman, a ɗaga shi sama da ƙirji, a fara motsa yatsun tun raunin bai gama rufewa ba, a ci gaba da gashi da motsa gaɓɓai wata da watanni. Wannan sashe na jinya shi aka fi yankewa, domin ciwo ya warke a ido, kuɗin mota ya ƙare, iyali na jiran cefane. Ga maɗinkin hula, babban yatsa da manuni su ne jarinsa. In suka kasa haɗuwa su riƙe allura, an sallame shi daga asibiti da yatsu biyar cif amma ba zai koma zaure ba.